Kukan Talakawa a Kan Dokokin Kiyaye Lafiyar Ma'aikata

Jawabi ga Hakimai da Malamansu

 An umurce ni in yi muku bayani a kan dokokin da Gwamnati ta kafa domin kiyaye lafiyar mutane a wuraren aikinsu, da kuma koke-koken da talakawa su ke kawowa ƙofar gidajenku game da dokokin nan. Ni yaro ne a gabanku, ba ni zan koya muku sauraron talaka ba. Abin da na kawo shi ne abin da ke rubuce cikin doka, gama sau da yawa mai kuka yana kuka ne a kan abin da ya ji a kasuwa. Wani lokaci kuwa kukansa gaskiya ne tsantsa, kuma ya kamata ya wuce zaurenku ya isa inda za a iya yin wani abu a kansa.

Da farko sai mu san mai dokar. Tsarin Mulki na 1999 ya sa sha'anin ƙwadago, har da lafiyar ma'aikata, cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, haka kuma sha'anin ma'adinai. Kun fi ni sanin cewa 'yan doka da kotuna sun fita daga hannun En'e tun ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa sauran. Saboda haka Hakimi ba shi da ikon rufe masana'anta, ko cin tarar mai ita. Amma talaka bai bar zuwa wurin Hakimi ba. Mutumin da inji ya cinye wa ɗansa hannu bai san hanyar ofishin ƙwadago ba, ya san hanyar gidan Dagaci, Dagaci kuma ya san taku.

Babbar doka a nan ita ce Dokar Masana'antu. An fara yin ta a 1955, zamanin Turawa, a lokacin kuwa ba ta kula da wurin da ma'aikatansa ba su kai 10 ba. A 1987 aka sake ta, aka ce ko mutum ɗaya aka ɗauka aiki a wurin da a ke ƙera wani abu, ko gyara shi, ko sarrafa shi don neman riba, to, wurin nan masana'anta ne a idon doka. Watau mai injin niƙa na bakin kasuwa, da mai walda, da mai buga bulo, da mai injin casar shinkafa, bisa ga lafazin doka duk sun shiga, muddin suna da wanda ke yi musu aiki. Yawancinsu ba su san haka ba. Ranar da suka ji kuwa, sai hankalinsu ya tashi.

Kukansu shi ne wai dokar nan ta manyan kamfanoni ce irin na Bompai da Sharaɗa da Kakuri, in aka ɗora wa mai inji ɗaya ita sai ya rufe shago. To, a duba abin da ta ke nema a wurin ƙaramin mai sana'a. Ta ce duk abin da ke juyawa a jikin inji, wanda zai iya kama mutum, a yi masa shinge ko murfi. Ta ce kada a sa wanda bai ƙware ba a kan inji mai haɗari sai an koya masa, an kuma sa wani ya lura da shi. Ta ce a sami iska da haske, da ruwan sha, da wurin wanke hannu, da akwatin magani na taimakon gaggawa. Ta ce kada a kulle ƙofa yadda na ciki ba za su iya buɗewa ba alhali suna aiki. Ban ga abin da zai karya jarin mutum a cikin waɗannan ba.

Maganar murfin inji ita ce na ke so in daɗe a kanta kaɗan, domin ta shafe mu fiye da waɗanda suka fara rubuta irin dokar nan a Ingila. Mu mutane ne masu yalwar tufafi. Bel ɗin injin niƙa yana gudu a fili, ga yarinya ta sunkuya za ta kwashe gari, gefen mayafinta yana lilo. Ga dattijo ya matso da babbar riga zai biya kuɗi. Bel ba ya cizo ya saki. In ya kama zane sai ya naɗe shi, ya jawo mai shi zuwa ga ƙarfe kafin yaron inji ya kai hannu ya kashe. Maganin wannan kuwa ragar ƙarfe ce wadda mai walda na garin zai haɗa cikin yini guda. In Hakimi ya kira masu injuna na ƙasarsa ya ce yana son ya ga raga a kan kowane bel kafin kaka, na tabbata za a yi, ko da sufeto bai taɓa taka garin ba. Kuma a gaya wa masu shago cewa doka ta hana a yanke wa ma'aikaci albashi don biyan abin da ita ta wajabta wa maigida ya tanada.

Inda kukan masu ƙananan sana'a ke da ƙarfi shi ne wajen rajista. Doka ta ce a yi wa masana'anta rajista, ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya kuwa yana babban birnin jiha. Mutumin da ribarsa ta yini ba ta wuce cefane ba, a ce ya bar shago ya hau mota zuwa birni, ya cika takardu da Turanci, wannan nauyi ne na gaske. Kada ku ce masa ƙarya ya ke yi. Ku rubuta kukan nasa yadda ya faɗa.

Akwai kuma masu cewa ba a ganin ma'aikacin Gwamnati sai in ya zo karɓar na goro. Tsofaffi na tuna zamanin duba-gari, yadda mata kan ɓoye tulu in an ce ga shi nan tafe, har yanzu kuwa tsoron nan bai fita daga zukatan mutane ba, shi ya sa duk wanda ya sa kaki ya riƙe fayil ya kan sami abin da ya ke so a ƙauye. Ga abin da ya kamata Malamai su sanar da jama'a. Sufeton masana'antu na gaskiya yana ɗauke da takardar shaidar naɗinsa, in mai wuri ya nemi gani tilas ya nuna. Yana da ikon shiga dare ko rana in ana aiki, ba kuwa a hana shi. In ya ga aibi, a rubuce ya ke ba da umurnin gyara, ko na tsai da aiki in haɗarin ya yi tsanani. Kuɗin Gwamnatin Tarayya kuma tun 2015 cikin asusunta guda a ke zuba shi ta banki, a karɓi rasit, ba a damƙa wa mutum a hannu. Wanda ya zo ba takarda, ya ce a ba shi kaza ya kau da kai, a kawo sunansa gaban Hakimi. Amma fa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai shagon da ya gwammace ya ba da cin hanci kowace shekara da ya sayi raga sau ɗaya, shi ma yana da nasa alhakin.

Yanzu sai kukan ma'aikata da iyayensu, wanda ya saɓa wa na iyayen gidansu. Su cewa su ke yi dokar ba ta da haƙora. Ko da ya ke ni ma'aikacin Gwamnati ne, ba zan tsaya gabanku in musa wannan ba. Yadda aka rubuta dokar a 1987, in sakacin mai masana'anta ya jawo mutuwar ma'aikaci ko rauninsa, tarar ba ta wuce Naira 5,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko a haɗa masa duka. A lokacin kuɗi ne mai kauri. A 2024 kuwa aka mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a wata, watau tarar ran mutum ta zama kashi ɗaya cikin 14 na albashin masinja. Sufetoci kuma ba su da yawa, suna zaune a manyan birane, ƙasar kuwa da faɗi.

An ga abin da wannan ke haifarwa. A watan Satumba na 2002 gobara ta tashi da dare a wata masana'antar roba a Ikorodu ta Jihar Legas, ma'aikata da dama suka ƙone, waɗanda suka tsira kuma suka ce a kulle a ke barinsu in suna aikin dare. Kada a ce wannan labarin Kudu ne. A watan Yuni na 2020, lokacin annobar korona, 'yan sanda sun fitar da mutum fiye da 100 daga wata masana'antar shinkafa a Challawa ta Kano, waɗanda suka ce an yi wata da watanni ba a bar su sun fita ba. Mutanen nan 'ya'yan wasu ne, daga gundumomin wasu suka fito. Da iyayensu sun san cewa kulle ma'aikaci laifi ne, da sun kai kuka tun da wuri.

Gyaran tara da ƙarin sufetoci ba ya hannunku, ba ya hannuna. Yana hannun wakilan da jama'arku suka zaɓa zuwa Majalisar Tarayya. Wakili kuwa ya kan ji maganar rijiya da hanya da taki kullum, da wuya wani ya tare shi da maganar Dokar Masana'antu. In takarda ta fito daga gunduma, ta bi ta fadar Sarki, tana ɗauke da sunayen garuruwa da ranaku da irin raunin da aka samu, ta fi ƙarfin a ajiye ta a ce jita-jita ce. Ma'aikacin da ke tsoron kora in ya kai ƙara, a gaya masa cewa Nijeriya ta karɓi yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a kan duba wuraren aiki tun 1960, ita kuwa ta wajabta wa sufeto ya ɓoye sunan wanda ya kai masa kuka.

Maganar diyya ita ce aka fi jahilta. A da, ƙarƙashin dokokin 1941 da 1987, daga aljihun maigida ko kamfanin inshorarsa a ke neman diyya, sau da yawa kuwa sai an yi ta ja. A 2010 aka yi sabuwar Dokar Diyyar Ma'aikata. Yanzu kowane mai ɗaukar ma'aikata zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da ya ke biya a asusun da hukumar NSITF ke riƙe da shi, ba kuwa daga albashin ma'aikaci za a cire ba. In haɗari ya auku a bakin aiki, ko a kan hanya tsakanin gida da wurin aiki, ko aikin ya jawo wa mutum cuta, daga asusun nan a ke biya, ba sai an tabbatar da laifin wani ba. In mutum ya rasu, matarsa da 'ya'yansa su kan sami wani kaso na albashinsa wata-wata. Dokar ta haɗa har da ɗan koyo da mai aikin wucin gadi.

A nan mutanenmu su kan cuci kansu da kunya. Sai ka ji an ce ƙaddara ce, an yafe, maigida ya kawo buhun shinkafa ranar sadakar uku, magana ta mutu. Lalle kowa ya yarda da ƙaddara, yafewa kuma hali ne na kirki. Amma babba ba shi da ikon yafe haƙƙin maraya, kuma kuɗin nan ba roƙo ba ne, an tanade shi ne domin wannan rana. In Hakimi ya faɗi haka a wurin ta'aziyya, ya ɗauke wa gwauruwa nauyin da ita ba za ta iya buɗe baki ta faɗa ba.

Na bar maganar haƙar ma'adinai daga baya domin ta fi nauyi. Ramin haƙa ba ya ƙarƙashin Dokar Masana'antu, yana ƙarƙashin Dokar Ma'adinai ta 2007, da sufetocin Ma'aikatar Ma'adinai. Masu haƙa su ne suka fi kowa ƙin jin sunan doka, domin a wurinsu doka ma'anarta kora. Abin da ya faru a Zamfara ya isa a yi nazari a kansa.

Wajen 2009 zinariya ta yi tsada a duniya, mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka dukufa haƙa. Dutsen da su ke samu yana da dalma mai yawa a cikinsa, ba su kuwa sani ba. Su kan kawo shi gida, mata su daka a turmi, a niƙa a injin da a ke niƙa hatsi, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta zauna a ƙasa inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baka. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na mutuwa da jijjiga, maganin zazzaɓi kuma ba ya yi musu kome. Da aka ƙidaya a ƙauyuka biyu, sai aka tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, guda 118 sun rasu cikin shekara ɗaya, watau ɗaya cikin huɗu. Jimlar yaran da suka rasu a yankin an ƙiyasta ta kai 400, ban da dubbai da gubar ta shiga jininsu, ita kuwa ta kan taɓa ƙwaƙwalwa har ƙarshen rai.

Abin lura a nan, ranku ya daɗe, shi ne waɗanda suka mutu ba su ne ma'aikatan ba. Wurin aiki da ɗakin kwana sun zama ɗaya, babu kuwa sufeton da zai shiga cikin gidan mutum ya duba turmin matarsa. Har ma da farko waɗansu iyaye sun ɓoye mutuwar 'ya'yansu don tsoron kada a hana su haƙa. Masarautu ne suka ba da umurni a fitar da daka da niƙan dutse daga cikin gidaje zuwa bayan gari, aka kuwa bi, domin daga bakin da aka saba ji umurnin ya fito. Sa'an nan aka bi gida gida a Dareta da Abare da 'Yargalma da sauransu, ana kankare ƙasar sama ana zuba sabuwa. Sai an yi haka likita ke ba yaro maganin da ke fitar da dalma daga jini, gama in ya koma cikin ƙurar nan aikin banza aka yi. Bagega, wadda ta fi su girma, sai da ta jira har 2013 kafin kuɗin aikinta ya fito, yaranta kuwa suna jiran magani duk tsawon lokacin nan.

A 2015 abin ya sake aukuwa a ƙasar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. A can ne daga baya aka gwada koya wa masu haƙa su riƙa fesa ruwa a kan dutse lokacin niƙa, su yi wanka su sake tufafi kafin su koma gida, su daina cin abinci a wurin niƙa. Ƙura ta ragu ƙwarai, dalmar da ke jinin ma'aikatan ita ma ta ragu, ba wanda ya rasa sana'arsa. A Zamfara kuwa Gwamnatin Tarayya ta hana haƙa ɗungum a watan Afrilu na 2019 saboda 'yan bindiga, ta janye hanin a watan Disamba na 2024. Hanin nan don tsaro aka yi shi, ba ni da ta cewa a kansa. Amma ta fuskar lafiya, a ganina mutumin da ke haƙa a ɓoye ba ya zuwa a koya masa kome, kuma ya fi son ya kai dutsensa cikin gida inda ido ba ya gani. Saboda haka in masu haƙa sun zo muku da tsoron doka, ku nuna musu cewa dokar 2007 ta buɗe ƙofar lasisin ƙaramin haƙa, kuma in sun haɗu sun yi ƙungiyar gama kai sun fi samun saukin nemansa. Ku kuma ja musu kunne a kan zaibar da su ke ƙonawa don tace zinariya, hayaƙinta guba ne, kada a ƙona ta a ɗaki ko kusa da mai ciki.

Ku Malamai, ga abin da na ke roƙo a wurinku. Kowane ofishin Hakimi ya ware littafi guda domin wannan sha'ani. In aka kawo labarin haɗari, a rubuta rana da wata da shekara, da sunan wanda abin ya sama da shekarunsa, da sunan mai wurin, da irin injin ko ramin, da abin da ya faru a bakin wanda ya gani da ido, da asibitin da aka kai shi. A rubuta har da ƙananan, yatsa ɗaya ma a rubuta, domin in aka ga inji ɗaya ya ci yatsu uku cikin shekara an san inda za a dosa. In Dagaci ya ce yara na mutuwa a ƙauye fiye da yadda aka saba, musamman inda a ke niƙan dutse, kada a jira ƙarshen wata, a aika wa ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma a ranar.

Ku kuma riƙe waɗannan wa'adi, domin da su a ke cin haƙƙin wanda bai sani ba. In haɗari ya kashe ma'aikaci a masana'anta, ko ya hana shi aiki fiye da kwana 3, wajibi ne mai wurin ya sanar da sufeto a rubuce nan da nan. Wajen diyya, ma'aikaci ko iyalinsa za su sanar da maigida cikin kwana 14, shi kuma ya sanar da hukumar NSITF cikin kwana 7. Takardar neman diyya kuma a shigar da ita kafin shekara ta cika. In maigida ya yi shiru, Malam ya rubuta wa iyalin takarda da hannunsa, ya ajiye kwafi a ofis, ya sa kwanan wata a kai, su kai ta ofishin hukumar da na ƙwadago a babban birnin jiha, su kuma nemi a buga musu hatimi a kan kwafinsu kafin su baro wurin.